Illela da Tarayya

Ka ce me ya sa a da duk zaɓe Illela ta Nijar sai jam'iyyar PNDS-Tarayya take bi? Ɗansu ne kawai. Mahamadou Issoufou haifaffen Dandaji ne, cikin gundumar Illela, tun 1993 yake takarar shugaban ƙasa a Tarayya Adarawa na bayansa har ya ci a 2011 ya sake a 2016, to wa zai bar na gida ya bi baƙo.

Amma ka lura da lokaci, zaɓen nan galibi da rani yake faɗowa, gero ya shiga rumbu samari sun watse ci-rani Abijan da Libiya. Na taɓa tsaron buro, wato rumfar zaɓe, wajen Badagishiri, wallahi layin mata da tsofaffi ne ya cika wurin.