Wace Zainab ce mai dogon hannu?

Malama, kin tambaya wace Zainab ake nufi da hadisin nan cewa wadda ta fi dogon hannu cikin matan Annabi (SAW) za ta fara riskarsa, wato ita za ta fara rasuwa bayansa.

Zainab bint Jahsh ce. Matan har kara suka ɗauko suna gwada hannuwansu, na Sauda ya fi tsawo. Sai da Zainab ta riga su rasuwa a shekara ta 20 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Umar, suka gane ashe sadaka ake nufi. Jima take yi da hannunta, ta ɗinka fata, kuɗin ta rabar.

Kar ki haɗa ta da Zainab bint Khuzaima, Ummul Masakin. Ita tun Annabi yana raye ta rasu. Lafazin Bukhari kuwa kan sa a zaci Sauda ce, wannan ki zauna da malamin hadisi ya warware miki.