Telan da ya manta sunansa

Ɗana, jiya muna naɗe wayoyi bayan an tashi daga ɗaukar fim ka tambaye ni game da jarumin labarinka, telan da babur ya buge, ya farka a asibiti bai gane kowa ba. Ka ce ko ka mai da shi wani mutum daban, ko ka bar shi da halinsa na da. Na ce ka bari mu zauna, don ba maganar tsaye ba ce.

Abin da na fi gani a rubutun yara shi ne jarumi ya dafe kai, ya zare ido, ya ce "Ni wane ne?", a saki kiɗa, daga nan ya koma kamar jinjiri. Wannan yana ba ni takaici, domin mantuwa ba ta share mutum kakaf.

Akwai wani Ba'amurke, Henry Molaison, da aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, yana ɗan shekara 27. Daga ranar har rasuwarsa a 2008, sabon abu ba ya zama a kansa. Wata mai bincike, Brenda Milner, ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai, aiki mai wuyar gaske. Kullum hannun yana ƙara gwanancewa, shi kuwa kullum bai tuna ya taɓa yi ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba.

To ka kai telanka gaban keken ɗinki. Kada ka ba shi magana ko ɗaya. Ya zauna don kawai ya gaji, sai ƙafarsa ta sami mataki da kanta, ya lashi bakin zare ya zura a allura tashi ɗaya, ya ɗauki almakashi ta inda ya saba riƙewa. Ka matso da kyamara kan yatsunsa, sannan ka juya kan matarsa tana tsaye bakin ƙofa riƙe da kwanon abinci. Ita ta ga mijinta ya dawo, shi kuma ya ɗago ya dube ta kamar baƙuwa. A nan mai kallo zai fara tambayar da kake so ya yi, ba sai wani ya furta ta ba.

Ka kuma kula, mantuwar iri biyu ce. Ta Ghajini, fim ɗin Aamir Khan na 2008, ita ce mutum ya kasa riƙe sabon abu, bayan minti 15 ya tafi, shi ya sa yake rubutu a jikinsa yana ɗaukar hotuna. Taka kuwa abin da ya wuce ne ya ɓace. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Inda labarin yake da nama shi ne alhaki. Ka kawo wani dattijo ya ce telan ya cinye masa kuɗin ɗinkin bikin 'yarsa kafin hatsarin. Telan bai tuna ba, kuma yanzu abin ma ƙyama yake ba shi. Shi ne ya ci ko wani ne? Unguwa ta riƙe masa tarihinsa, mai kyau da mummuna, kowa yana miƙo masa guntu. Ni a ganina ya biya, don haƙƙin mutane ba ya faɗuwa saboda mai laifi ya manta. Amma ka bar shi ya kwana biyu yana kokawa da abin kafin ya yanke.

Abu ɗaya na roƙe ka: kada ka sake buga masa kai a ƙarshe don tunaninsa ya dawo. Bugu na biyu ƙarin rauni ne kawai. In zai dawo, ya dawo kaɗan-kaɗan, wani ɓangaren kuma ya tafi ke nan. Gyara fitowar keken ɗinkin ka kawo mini ranar Asabar mu karanta tare.