Zuwa ga ƙanena na Idi-Araba, mai son karatun farfaɗiyar yara a Landan

Ƙanena, saƙonka ya same ni ina aikin dare, sai yau na samu zama. Ka ce ka gama hidimar ƙasa, kana duba yara a wani asibiti a Legas, ka leƙa Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ka ga yawan masu ambaton takardun Farfesa Helen Cross, har barci ya ƙaurace maka. Shi ne kake tambaya ko ka sayar da filin da Baba ya bar maka ka taho.

Kafin maganar fili, bari mu duba abin da ya ba ta suna. A asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan take aiki, kuma a 2021 ta zama shugabar ILAE, ƙungiyar duniya ta masu yaƙi da farfaɗiya. Tun 1921 likitoci suka san abinci mai maiƙo da yawa, sitaci kaɗan, yana rage wa wasu yara faɗuwa, amma kowa da bakinsa yake faɗa. A 2008 ita da abokan aikinta suka fitar da gwaji kan yara 145 da magani ya gagara: an raba su biyu ta ƙuri'a, wasu suka fara abincin nan take, wasu suka jira wata uku. Kashi 38 cikin ɗari na masu abincin faɗuwarsu ta ragu da fiye da rabi, a ɗaya ɓangaren kashi 6 kacal. Tambayar da iyaye ke yi kullum ta amsa, shi ya sa ake ta ambatonta. Lambobin da suka hana ka barci, inuwa ce. Bishiyar na ɗakin marasa lafiya.

To, irin wannan tambaya kai ma kana takawa a kanta kowace safiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 za su iya daina faɗuwa da an ba su maganin da ya dace. Ban manta wani yaro ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta Legas ba, ina ɗalibi. Ya zube tsakanin kwandunan tumatir yana jijjiga, mutane suka dare, wai kada yawunsa ya taɓa su. Wani bawan Allah ya cusa masa cokali a baki har haƙori ya ɓalle, wani na cewa a kawo hayaƙi, iska ce. Alhali a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, shi ke nan. Na fi shekara goma a Ingila, ban taɓa ganin wannan ba, kuma ba Baturen da zai rubuta shi fiye da kai.

Kada ka ɗauka sai an ƙetare teku ake suna. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun daga Ibadan ya bi gida-gida a shekarun 1980, ya tarar da masu farfaɗiya kusan mutum 5 cikin dubu a garin Igbo-Ora na jihar Oyo, amma 37 cikin dubu a Aiyete da ke kusa da ita. Har gobe ana ambaton wannan aiki. A wajenmu kuma, shirin BRIDGE, haɗin Jami'ar Vanderbilt ta Amurka da likitocin Kano, Zariya da Kaduna, ya koya wa ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci gano farfaɗiyar yara da ba da magani.

Ban ce kada ka zo ba, ni ma ai zuwa na yi. Sai dai hanyar da tsawo: jarrabawar Turanci, sannan PLAB, jarrabawar samun izinin aikin likita a Birtaniya, wadda kashinta na biyu sai a Manchesta, sannan jarrabawar likitocin yara, kafin ka shiga layin neman gurbin ƙwaƙwalwa da jijiya, kuma layin ya cika maƙil. Ni shekara biyu na yi ina cike gurbin dare a wani asibiti, ko takarda ɗaya ban rubuta ba. Na zo hannu rabbana ne, ba ni da komai da zan ajiye gaban farfesa sai sha'awa.

Don haka fili ya zauna inda yake. Hajiya ma ba za ta yafe mini ba in na ce ka sayar. Nemi tallafin karatu a Birtaniya na Commonwealth ko Chevening, ita Chevening da sharaɗin komawa gida shekara biyu, wanda a ganina gata ne. Kafin nan, samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, ka buɗe rajista: kowane yaro, shekarunsa, yaushe ya fara, ko bayan zazzaɓin cizon sauro ne ko wahalar haihuwa, wurin wa aka fara kai shi, nawa ake kashewa a wata, me ya sa aka daina shan magani. Yi wa iyayen Agege da Idi-Araba tambayar da Hausa, za su faɗa maka abin da ba sa faɗa da Turanci.

In ka tara ɗari, turo mini ba tare da sunayensu ba, mu zauna a waya bayan isha'i mu duba. Ka gaida Hajiya, ka ce mata man zafin na nan tafe.