Ƙungiyar matasa ma'aikata za ta iya hana 'yan garinmu tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni injiniya ne, ina aiki a Gusau. Cikin waɗanda muka gama jami'a tare kusan kowa ya kama hanya, wasu Abuja, wasu Legas, likitocin cikinmu kuma Saudiyya suke hange. Mu 'yan kaɗan da muka rage muna son kafa ƙungiyar matasa ma'aikata. Yayana ya ce ɓata lokaci ne, wai taro ba ya biyan albashi. Shin irin wannan ƙungiya tana riƙe mutane a gari kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Yayanka yana da gaskiyarsa, kuma gara ku riƙe ta tun yanzu. Ƙungiya ba ta ƙara wa kowa albashi, ba ta kawo tsaro a hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Likitan da aka yi wa tayin kuɗin da ya ninka nasa, ga tsofaffi ga ƙanne a wuyansa, kada ku tare shi da wa'azin kishin gari. Ku yi masa addu'a, ku raka shi tasha.

Sai dai ba kowa kuɗi ya kora ba. Na zauna da matasa da dama da suka bar garuruwansu, kuma kukan da na fi ji shi ne babu na gaba da mutum zai koya a wurinsa, babu mai sanar da shi in aiki ya faɗo, in ya tashi daga ofis kuma babu wanda zai yi hirar sana'arsa da shi. Yaro ya dubi gabansa, bai ga inda zai kai nan da shekara 10 ba. Wannan ciwon ne ƙungiya take iya magani.

Ka duba yadda iyayenmu suka tsara sana'a. Maƙera suna da Sarkin Maƙera, magina suna da Sarkin Magina, mahauta suna da Sarkin Pawa. Yaro yana da ubangida mai koya masa, mai haɗa shi da masu ba da aiki, mai tsaya masa ranar aure. Ɗan boko kuwa takarda aka miƙa masa aka sallame shi. A ganina babban aikin ƙungiyarku shi ne ta zame wa sabon injiniya da sabuwar lauya wannan ubangidan da suka rasa.

Abu na farko da zan roƙe ku, kada ku yi ta injiniyoyi zalla. A 1973 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta bakin waɗanda ake gaisawa da su sama-sama, fiye da ta bakin aminai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin da amininka ya sani kai ma ka sani, majalisarku ɗaya. Mai harhaɗa magunguna da ke shirin gina shago shi ke neman injiniya, injiniya shi ke neman lauyan da zai duba masa takardar kwangila, lauya kuma akanta yake nema. Ku haɗa su wuri ɗaya, kuɗin da ake kai wa 'yan Abuja ya fara zagayawa a tsakaninku.

Kuma ku buɗe wa baƙo ƙofa. 'Yan bautar ƙasa, malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau, ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da yawansu suna gama wa'adinsu ba wanda ya taɓa gayyatarsu suna ko ɗaurin aure. Wanda bai ci tuwon gidan kowa ba, me zai zaunar da shi? Haka nan mata. In kuka sa taro bayan sallar isha'i a bakin titi, kun kore su ba tare da kun furta ba. Hantsin Asabar a ɗakin taron wata makaranta ya fi.

Wannan abu ba baƙo ba ne a Arewa. A farkon shekarun 1940 wasu matasan malaman makaranta da ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, suka riƙa haɗuwa a Bauchi suna muhawara kan al'amuran ƙasa, cikinsu har da Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowa ya san inda zaman nan ya kai su. A zamaninmu kuma ga CoLab a Kaduna, wadda Sanusi Isma'ila ya buɗe a 2016, inda matasa masu aikin kwamfuta suka sami wurin zama da wuta da intanet da abokan koyo. Darasin da na ɗauka a nan shi ne wuri. Ku yi karo-karo ku kama ɗaki ko da ɗaya ne, ku sa sola da intanet. Matashin da zai iya yi wa kamfanin Legas aiki daga unguwar Tudun Wada a Gusau, ya kwana kusa da mahaifiyarsa, ba lallai ya je ya biya hayar Legas ba.

Yanzu ga abin da ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma na ga ya kashe da yawa. Ana fara rabon muƙamai kafin a yi aikin komai. Ana naɗa ɗan siyasa uban ƙungiya, zaɓe na zuwa ta dare gida biyu. Sauran ta koma zauren WhatsApp, sai barka da Juma'a. Ku ari dabarar JCI, ƙungiyar matasa ta duniya da ta samo asali a birnin St. Louis na Amurka a 1915: mambobinta 'yan shekara 18 zuwa 40 ne, shugabanci kuma shekara ɗaya ne, ka sauka wani ya hau. Ku rubuta wannan tun ranar farko, lokacin da babu wanda ya ɗanɗana kujera. Kuɗin ƙungiya kuma a karanta lissafinsa a gaban kowa.

Sannan ku ɗauki aikin gayya guda ɗaya wanda gari zai gani, kamar gyaran famfon wata firamare ko koyar da 'yan sakandare lissafi kafin jarrabawa. Wanda guminsa ya zuba a wuri yakan ji wurin nasa ne.

Waɗanda suka riga suka tafi kuwa, kada ku cire sunansu, kada ku riƙa yi musu gori. Yawancinsu suna zuwa gida da sallah. Ku sa babban taronku washegarin sallah, kowanne daga cikinsu ku haɗa shi da matashi ɗaya ɗan sana'arsa, ya riƙa duba masa aiki yana tura masa labarin guraben da ya ji, har sallar baɗi.