Sandar giyar Miata tana lilo, ga zafi na shigowa

Malam, ka ce Mazda MX-5 ɗinka ta 1992, wato Miata, sandar giya na rawa kuma zafi na tasowa ta gindinta, to robobin da ke rufe gindin sandar ne suka yage, ba giyabos ba ne, kar wani bakanike ya ce sai an sauke shi. Ka sa ta a firi, ka murɗe kan giyar ka cire, ka ɗaga konsol ɗin tsakiya, wato murfin da ke tsakanin kujerun, za ka ga babbar roba mai noti 4, a ƙarƙashinta ƙarama mai 3, duk sifana lamba 10 ce ke kwance su. Ita babbar ce ke tare zafi da ƙara.

Sai ka zaro sandar a hankali, can ƙasanta akwai ɗan bushin na farar roba kamar hula, shi ne ke cinyewa har sandar ta riƙa lilo, wani lokacin ma ya faɗa ciki sai ka lalubo shi. Amma abin da mutane ke mantawa shi ne man ramin da sandar ke zama a ciki, ka zuƙe tsohon da sirinji ka zuba sabon man giya 75W-90, wajen cc 90 ya isa, kar ka cika shi maƙil. Ƙaramar robar tana da taurin kai wallahi, shafa wa sabuwar mai kafin ka tura ta a jikin sandar.