Tambaya da Amsa: Me ya sa 'yan Caina suka bar garin da ya rushe a haka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zuwa Gwanzu saro kaya, to akwai wani ɗan Caina da muke harka da shi, ɗan asalin Sichuan ne, ya matsa min wai in na koma sai ya kai ni gidan tarihin girgizar ƙasar da aka yi a yankinsu, har hotuna ya nuna min a waya, benaye duk a karkace an bar su ba a kwashe ba. Ni gaskiya abin bai kwanta min ba. Mu nan in musiba ta faru ai sai a yi jana'iza a yi addu'a a bar wa Allah, meye amfanin fama wa mutane tsohon miki? In je ko kar in je?
Daga mai karatu, Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka je, in dai da hali wallahi ka je.

Abin ya faru ne ranar 12 ga Mayu 2008, ƙarfe 2:28 na rana, lokacin yara suna aji manya suna wurin aiki. Ƙarfin girgizar ya kai maki 8 a lissafin hukumomin Caina, mutum sama da 69,000 suka rasu, wasu kusan 18,000 kuma ko gawarsu ba a gani ba. A garin Hanwang akwai agogon hasumiya da ya tsaya cak a 2:28 ɗin, haka aka bar shi. Shi kuwa Beichuan, inda gidan tarihin yake, gari ne a cikin kwari duwatsu sun zagaye shi, da ƙasa ta girgiza sai duwatsun suka zaftaro suka binne wani sashe na garin da mutanensa. Shi ya sa gwamnati ta ce ba za a sake zama a nan ba, aka gina sabon Beichuan sama da kilomita 20 daga wurin, tsohon kuma aka tokare benayensa da ƙarafa aka bar su yadda girgizar ta bar su. Gidan tarihin an buɗe shi a 2013, rufinsa ciyawa ce, an tsattsaga ginin da gangan ya zama kamar ƙasar da ta dare.

Maganar fama miki da ka yi ban raina ta ba, akwai iyayen da duk shekara sai sun je wurin sun yi kuka. Amma fa ga inda na tsaya. A girgizar nan makarantu da yawa sun rufta gaba ɗaya alhali wasu gine-ginen da ke kusa da su suna tsaye, gwamnatin da kanta ta ce ɗalibai 5,335 ne suka mutu ko suka ɓace, iyaye suka yi ta ƙorafin an yi ha'inci a aikin, rodi siriri, siminti ba ƙwari, wasu da suka dage sai an bincika ma ɗauri suka sha. Gidan tarihin na gwamnati ne, ya fi ba da ƙarfi wajen aikin ceto da sake gini, wannan kam ka sani tun kafin ka shiga. Amma kufan ba ya ɓoye komai, idonka zai gane maka filar da ta karye da dakin ɗin da ya danne na ƙasa, duk injiniya ko maginin da ya tsaya a gaban wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ƙaddara gaskiya ce mun yi imani da ita, amma wanda ya rage buhun siminti ya sa kuɗin a aljihu shi ma akwai tambayar da ke jiransa.

Sake ginin kuma akwai dabarar da ta burge ni. Hukumomin Caina sun haɗa kowace ɗaya daga cikin gundumomin da suka fi lalacewa da wani lardi mai arziki, Shandong ya ɗauki Beichuan, Guangdong inda kake saro kaya ya ɗauki Wenchuan, gundumar da girgizar ta faro, kowane ya riƙa ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa har shekara 3. Ka ga in asibiti bai tashi ba an san ƙofar wanda za a ƙwanƙwasa. Daga 2009 kuma suka mayar da 12 ga Mayu ranar wayar da kai kan bala'o'i a duk ƙasar, har atisayen fita daga aji ake yi wa 'yan makaranta.

Mu Kano alhamdulillahi ba ma kan layin da ƙasa ke tsagewa irin nasu, amma namu musibun fa? Ka tare ɗan shekara 20 a Kwari ka tambaye shi fashewar dam ɗin Bagauda a 1988, ko jirgin da ya faɗo Gwammaja a 2002, ka ji me zai ce maka. Benen da ya rufta a Beirut Road a 2022 ma har mun fara mantawa, ana nan ana ɗora hawa kan hawa a kasuwanninmu ba mai tambayar waye ya duba fandishan. Wannan yana ci min rai ƙwarai, ko ɗaki ɗaya ne aka ware a Gidan Makama aka sa hotuna da sunayen waɗanda suka rasu da dalilin faruwar abin, ai da ya yi mana amfani.

In za ka je, daga Gwanzu jirgi za ka hau zuwa Chengdu ko Mianyang, daga nan mota, ka ware yini guda kar ka haɗa shi da ranar lodin kwantena. Sannan ka shiga wurin yadda kake shiga maƙabarta, don har yanzu akwai mutane a ƙarƙashin ɓaraguzan nan, ban da ɗaga murya ban da hoton washe baki. Abokin naka kuma ka tambaye shi a hankali ko ya rasa wani a ranar, mai yiwuwa shi ya sa ya dage sai ka je.