Abin da ya sa Jinji ta jure ƙawanyar shekara takwas

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka tambaya ko da gaske ne sai da rundunar Mughal ta shekara takwas kafin ta ci ganuwar Jinji ta ƙasar Tamil da ke kudancin Indiya, kuma mene ne sirrin wurin. Gaskiya ne. Zulfiƙar Khan, kwamandan Aurangzeb sarkin daular Mughal, ya yi mata ƙawanya a 1690, bai shiga ba sai farkon 1698.

Na hau wurin lokacin da nake karatu a Chennai, kuma hoto ba ya nuna girmansa. Duwatsu uku ne, Rajagiri da Krishnagiri da Chandrayandurg, ganuwa mai tsawon kusan kilomita 13 ta haɗe su. Duk mai son ya toshe wannan fili dole ya warwatsa dakarunsa. Rajagiri kuwa ya kai mita 240, kuma dab da ƙololuwarsa dutsen ya tsage, wawakeken rami ne da siririyar gada a kai. A janye gadar, hanya ta yanke.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rumbunan. Manya ne, na dutse, idan ka yi magana a ciki sai muryarka ta dawo maka. Ga tafkunan tara ruwa, har da wanda ake kira tafkin giwaye, ga hasumiyar Kalyana Mahal da aka ja wa ruwa ta bututun yumɓu. Sarakunan Nayak da suka gina yawancin wannan a ƙarni na 16 sun yi tanadin yunwa da ƙishirwa kamar yadda suka yi na abokan gaba. Shivaji, sarkin Maratha abokan gabar Mughal, ya karɓi ganuwar daga hannun daular Bijapur a 1677, ya ƙara ƙarfafa ta, shi ya sa ɗansa Rajaram ya fake a nan, Mughal kuma suka biyo shi da ƙawanya.

Kada dai a bai wa dutse duk yabon. Mahayan Maratha ƙarƙashin Santaji Ghorpade da Dhanaji Jadhav sun riƙa tare hanyar abincin Mughal, har masu ƙawanyar ma suka shiga yunwa. Rajaram kuma ya sulale kafin a ci garin. A 1750 Faransawa ƙarƙashin Bussy sun kama wannan ganuwar cikin dare ɗaya.

In za ka je, yi sammako, don dutsen na ɗaukar zafi sosai, ka riƙe ruwa, ka kula da birai. Masallacin Sadatullah Khan yana nan a ƙasa, kada ka wuce shi.